A riƙa ambaton marubucin baitocin opera: misalin Lorenzo Da Ponte

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in roƙi masu rubuta mana labaran adabi da kaɗe-kaɗen duniya su gyara wata ɗabi'a. Duk sanda aka kawo zancen opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa da kiɗa, sunan mai tsara kiɗan kaɗai ake kira. Sai ka ji an ce Figaro na Mozart, Don Giovanni na Mozart. Alhali baitocin waɗannan wasanni ba Mozart ya rubuta su ba. Wanda ya yanke labarin, ya auna gaɓoɓin, ya raba wa mawaƙa abin da za su rera, sunansa Lorenzo Da Ponte. Roƙona shi ne a riƙa haɗa sunan marubuci da na makaɗi, kuma ga dalilina.

An haife shi ranar 10 ga Maris, 1749, a garin Ceneda cikin jamhuriyar Venis ta wancan zamani. Bayahude ne, sunan yankansa Emanuele Conegliano. A 1763 mahaifinsa ya shiga addinin Kirista tare da 'ya'yansa maza uku, yaron kuwa ya ɗauki sunan bishop ɗin da ya yi musu baftisma. Ya zama fada a 1773, amma halinsa bai bi rigarsa ba, domin a 1779 hukumar Venis ta kore shi na shekara 15 saboda zaman dadiro. A 1783 Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya naɗa shi marubucin gidan wasan Italiyanci na Viyana, babban birnin ƙasar, a lokacin bai taɓa rubuta wasa ko ɗaya ba. Na farkon da ya yi wa makaɗi Antonio Salieri a 1784 bai karɓu ba sam.

Abu na farko da marubucin opera ke koya shi ne yanka. Kalmar da aka rera ta fi wadda aka faɗa cin lokaci, ga kuma maimaici, don haka wasan da aka ɗauko daga dandamalin magana dole a rage masa nauyi sosai. Asalin Figaro wasan marubuci Beaumarchais ne na Faransa, wanda aka fara nunawa a Faris a 1784, mai kashi biyar da 'yan wasa 16. Da Ponte ya mayar da shi kashi huɗu da 'yan wasa 11. Akwai kuma hukuma a gefe. Sarki ya riga ya hana a nuna wasan da Jamusanci a Viyana, saboda haka dogon jawabin nan da bara Figaro ke caccakar masu sarauta da shi, Da Ponte ya cire shi, ya sa waƙar ƙorafi kan yaudarar mata a gurbinsa. Wasu na ganin ragwanci ne. Ni dai ina ganin bai cire dafin ba, ya dai sauya masa wuri: har yanzu bara da baranya ne ke juya maigidansu daga farkon wasan har ya durƙusa yana neman gafara a gaban kowa.

Bayan yanka sai awo, kuma a nan ne sana'ar take. Rubutun opera ta Italiyanci na wancan zamani iri biyu ne. Akwai wanda ke tura labari gaba, ana rera shi kusa da yadda ake magana, da ɗan rakiyar kiɗa. Shi ana rubuta shi da ɗangogi masu gaɓa 7 da 11 a gauraye, galibi ba amsa-amo sai a rufewa. Akwai kuma waƙa sosai, ta mutum ɗaya ko ta taro, wadda ke da baitoci da amsa-amo da kari guda: gaɓa 5, 6, 7, 8 ko 10. Da zarar makaɗi ya ga kari ya sauya a takarda, ya san nan ne ganga za ta shigo. Wato marubuci ne ke fara yanke inda kiɗa zai tashi da inda zai lafa, tun makaɗi bai ɗora alƙalami ba.

Zaɓen kari kuwa ba kara zube ake yi ba. Ɗango mai gaɓa 10 yana da bugu uku masu tazara ɗaya, yana tafiya kamar fareti. Wannan karin Da Ponte ya ba Figaro a ƙarshen kashi na ɗaya, inda yake zolayar yaron nan Cherubino da za a tura soja, Mozart kuma ya rufe waƙar da kiɗan maci. Mai gaɓa 5 gajere ne, yana tsalle, ya dace da baƙar magana da rawa. Ƙirgar ma tana da tarkonta. In kalma ta ƙare da wasali, mai bi mata ta fara da wasali, gaɓa ɗaya ake lissafa su. Sannan ɗangon ƙarshe na baiti ana so ya tsaya a kan gaɓa mai nauyi, domin murya da kiɗa su dira tare a kan bugu mai ƙarfi. Marubucin da ya saɓa wannan ya jefa makaɗi cikin wahala: ko ya ja gaɓa marar nauyi har kalmar ta karkace a kunne, ko ya maimaita kalma ba dalili don cike gurbi. Hatta wasula ana dubawa. Inda mawaƙiya za ta ja murya ta yi ta lanƙwasa ta, wasalin "a" ake nema, domin "i" da "u" suna matse maƙogwaro a sama.

Mozart kansa ya san darajar wannan. A wasiƙarsa ga mahaifinsa a watan Mayun 1783 ya ce ya duba rubutun opera sama da ɗari bai sami wanda ya gamsar da shi ba, kuma a wannan wasiƙar ce ya ambaci Da Ponte.

Sai kuma mawaƙa, waɗanda ake ɗinka musu waƙa kamar riga. Ƙungiyar gidan wasa ba ta da yawa, shi ya sa mutum ɗaya kan fito a matsayi biyu. A nunin farko na Figaro, ranar 1 ga Mayu, 1786, Michael Kelly ya fito a Basilio da Don Curzio, Francesco Bussani kuma a Bartolo da Antonio mai lambu. Wannan ya ɗaure hannun marubuci, domin dole Antonio ya bar dandamali kafin Bartolo ya shigo. Haka aka yi a rufewar kashi na biyu, wadda ita ce gwanintar Da Ponte mafi girma a ganina. Kusan minti ashirin ana kiɗa ba tsayawa. An fara da mutum biyu, miji da mata suna rigima a ƙofar ɗaki, sai na uku ya fito, sai na huɗu, har aka ƙare da muryoyi bakwai. Kowane mai shigowa yana zuwa da matsalar da ke rushe dabarar da aka gama ƙullawa, kari ya sauya, makaɗi ya sami dalilin sauya sauri da sauti. In babu wannan tsani a takarda, makaɗi ba shi da abin takawa.

Ba na cewa aikinsa ba shi da aibu. A kashi na huɗu na Figaro an ba Marcellina da Basilio waƙa ɗaiɗai don kowane mawaƙi ya sami rabonsa, sai labari ya tsaya cik a lokacin da ya kamata ya yi gudu. Shi ya sa yawancin masu shirya wasan a yau suke cire su. Don Giovanni kuma, wanda aka fara nunawa a Prague ranar 29 ga Oktoba, 1787, an gina shi ne a kan gajeren rubutun Giovanni Bertati mai kashi ɗaya. Da aka miƙe shi ya zama kashi biyu, sai aka cike farkon na biyun da musayar tufafi tsakanin ubangida da baransa, kuma ɗinkin yana nunawa. Da Ponte bai ambaci wannan aro a littafin tarihin rayuwarsa ba, sai ma kushe Bertati da ya yi. Littafin nan a karanta shi da hattara, mutumin ya iya yabon kansa. Shi ne ya ba da labarin cewa a 1787 ya rubuta wasa uku lokaci guda, da safe na makaɗi Martín y Soler, da yamma na Salieri, da dare na Mozart.

Na ukunsu da Mozart, Così fan tutte, an buɗe shi ranar 26 ga Janairu, 1790. Sau biyar kacal aka nuna shi Sarki Joseph ya rasu a watan Fabrairu, aka rufe gidajen wasa don makoki. Magajinsa Leopold na Biyu ya sallami Da Ponte a 1791. Ya koma Landan yana yi wa gidan wasan opera rubutu yana sayar da littattafai, bashi ya yi masa katutu, ya tsere Amurka a 1805. A can ya buɗe kantin kayan masarufi, ya koyar da Italiyanci, a 1825 ya zama farfesan Italiyanci na farko a Kwalejin Columbia ta New York, ba tare da albashi ba. A 1826 ya ga an nuna Don Giovanni a New York, a 1833 kuma ya tara kuɗin da aka gina gidan opera na Italiyanci a birnin, wanda bai yi nisa ba ya durƙushe. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1838, yana da shekara 89, ya bar rubutun opera 28 da ya yi wa makaɗa 11.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum