Tsohon kwanso da sabon bututun bindiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka buga kan masu sake cika kwanson harsashi da kansu, ya yi kyau wallahi, amma akwai inda aka tsallake kuma nan ne mutane suka fi cutuwa, wato ranar da mutum ya canja wa bindigarsa bututu sannan ya ɗauko tsofaffin kwansunansa yana so su shiga kamar da.

Kwanso ai tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya. Idan aka harba, matsin wuta, wanda a harsashi samfurin .308 Winchester zai iya kai psi (ma'aunin matsi) 62,000, yana buɗa shi ya manne da bangon gurbin harsashi, daga baya ya ɗan koma amma ba duka ba, ya riga ya ɗauki siffar wannan gurbin. Sabon bututu kuwa gurbinsa daban, ko da lamba ɗaya aka rubuta a jikinsu. SAAMI a Amurka da CIP a Turai, wato hukumomin da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi, iyaka suka sa wa girman gurbi, mafi girma da mafi ƙanƙanta, tsakaninsu akwai 'yar tazara, kowane maƙeri kuma da inda nasa yake faɗawa. Kafin a sake cika kwanso ana matse shi ya koma girmansa, shi ya sa mai matsa wuyan kwanso kawai zai ga sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan gurbin, ta ƙi rufuwa.

To a nan ake yin ɓarna iri biyu. Wani ya danna sakatar da ƙarfin tsiya har ta rufu. Wani kuma, kuma shi na fi jin tsoro, ya murɗa ƙarfen matsin, wato wanda ake cusa kwanso a ciki don a matse shi, har ƙasa ya tura kafaɗar kwanson baya sosai, yana murna yanzu komai na shiga sumul. Bai san ya bar sarari a gaban kafaɗar ba, duk harbi kwanson sai ya miƙe ya cike wannan sararin, kuma daga kusa da gindi yake jan naman tagullar, yau da gobe wurin ya sirance har wata rana ya tsinke gida biyu, iskar wuta ta dawo wajen fuskar mai harbi. Alamarsa wani zobe mai sheƙi a saman gindin, idan ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka ja ta ciki za ka ji ta faɗa rami. Irin wannan kwanso ba gyara, a lotsa shi a zubar.

Abin da ya dace a auna. A harba sabon harsashin kamfani a sabon bututun, a auna daga gindi zuwa kafaɗa, sannan a riƙa murɗa ƙarfen matsin kaɗan kaɗan har kafaɗa ta koma baya da inci 0.001 zuwa 0.002 a bindiga mai sakatar hannu, mai ɗura kanta kuwa ta fi son kamar 0.003 zuwa 0.004. A gwada da kwanso wanda ba komai a cikinsa, don Allah ba mai albarushi ba.

Wani lokacin kafaɗa ta yi daidai amma duk da haka kwanson ya ƙi shiga, to gindin ne ya kumbura a tsohon gurbi mai faɗi, kuma ƙarfen matsi na kullum ba ya kaiwa can ƙasa. Akwai na musamman mai matse gindi, wani sa'in ya yi, wani sa'in tagullar ta riga ta taurare sai ta sake buɗewa. Ni a ganina idan an kai nan a haƙura, wanda ya iya sayen sabon bututu bai kamata kwanso ya gagare shi ba.

Sai tsawo, matsi yana ƙara wa kwanso tsawo, na .308 kada ya wuce inci 2.015, in ya wuce a datse, don dogon wuya yana shaƙe ƙwayar harsashi matsin wuta ya hau. Haka ma awon albarushin da tsohon bututu ya saba da shi, a koma mafi ƙarancin da littafin kamfani ya rubuta a hau a hankali, saboda maƙogwaron sabo, wato farkon bututun daga gaban gurbi, bai cinye ba tukuna, ƙwayar da take da sarari a tsohon tana iya dannuwa da zaren da aka zana a cikin bututu a wannan. Da fatan za ku ƙara wannan a fitowa ta gaba.

Naku,
Wani mai karatu