Godiya ga masu shagon da na sayi mesata

Assalamu alaikum Malam mai shago, kai da yaranka baki ɗaya.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi mini ba kowane ɗan kasuwa ke yin sa ba. Na zo da kuɗina a hannu ina son ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, 'yar asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuka ce ba za ku sayar mini ba sai na fara shirya mata akwatinta, zafi da danshi sun daidaita tukuna.

Yaronka mai kula da sashen macizai shi ya zaunar da ni. Ya ce maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga waje yake samu, don haka dole akwatin ya kasance gefe biyu: mai ɗumi wajen digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyos, mai sanyi kuma 24 zuwa 27. Ita za ta riƙa zaɓa da kanta. Shimfiɗar ɗumi ta lantarki ba a jona ta kai tsaye, sai ta hanyar na'urar daidaita zafi. Har na ɗauki dutsen ɗumi na lantarki, ga shi nan a kan kantarku kuwa, ya karɓe ya mayar. Ya ce maciji kan kwanta a kai har cikinsa ya ƙone bai gusa ba. Ciniki ne fa ya bari ya wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar maɓoya. Biyu ya ba ni iri ɗaya, ɗaya gefen ɗumi ɗaya gefen sanyi, kowacce mai ƙofa guda, matsattsiya yadda jikinta zai taɓa bangon ta ko'ina. Dalilinsa: idan maɓoyar ɗaya ce tak, mesa ta gwammace ta lafe a ciki ko da sanyi ya hana ta narkar da abinci, don tsoro ya fi ƙarfinta. Maɓoya mai faɗi kuwa, a wurinta daidai take da fili.

Danshi ya ce ya zauna tsakanin kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, a ƙara idan ta kusa yin saɓa. Ya haɗa ni da ɓawon kwakwa don shimfiɗa, ya gargaɗe ni kada in shimfiɗa mata tsakin katakon itacen da ake kira sida (cedar), ya kuma nuna mini yadda murfin raga ke zuƙe danshi idan ba a rufe wani sashensa ba. Amma kada ƙasan ya jiƙe sharaf, in ji shi, ɓawon cikinta zai ruɓe.

Da idanunta suka yi shuɗi-shuɗi hankalina ya tashi na kira ku, aka ce alamar saɓa ce, in sa gansakuka mai laima a maɓoyar ɗumi. Saɓar ta fita guda ɗaya lafiya lau, daga murfin ido har bakin wutsiya.

Roƙona ɗaya, ku rubuta bayanan nan a takarda ku riƙa bai wa duk sabon mai saye. Allah Ya ƙara kasuwa, a gaishe mini da yaron nan.