An yi wa ragon dutsen Amurka kuɗin goro

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na muhalli, inda aka ce ragon dutsen Amurka mai manyan ƙaho ba ya cikin haɗarin ƙarewa. Haka ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ajiye shi, gaskiya ne. Amma an yi wa maganar kuɗin goro, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Dabbar nan iri uku ce: na duwatsun Rocky, na hamada, da na duwatsun Sierra Nevada a jihar Kalifoniya. Daga yammacin Kanada har arewacin Meziko ana samunsu, kuma ƙahon babban rago kan kai kilo 14. Na Rocky suna da yawa, su ne suka rufa wa sauran asiri a lissafi. Na Sierra Nevada kuwa, a wajen 1995 kimanin 100 kaɗai suka rage a duniya, har gwamnatin Amurka ta saka su cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa a 1999.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon huhu. Ni ɗan makiyaya ne, na san tunkiya mai tari da majina, ta yi kwanaki ta warke ta koma kiwo. Wannan ƙwayar cutar da tumakin gida ke yawo da ita lafiya lau, idan ta shiga garken daji sai ta yi ɓarna. Uwar da ta tsira takan riƙe cutar a hanci, ta shafa wa ɗanta. Ɗan ya fara tari, kunnuwa su langaɓe, ya kasa bin uwa kan dutse, cikin 'yan makonni ya mutu. Shekara da shekaru garke na haihuwa, ba ya ƙaruwa.

Mu ma da hannunmu a labarin. Ragon dutsenmu na Azbin da Termit, wanda farauta ta rage shi ƙwarai a Nijar, an kai irinsa jihohin New Mexico da Texas na Amurka a shekarun 1950 don maharba. Can ya yaɗu, yana ƙwace wa na hamada ruwa da ciyawa, yana kuma ɗauke da cutar nan.

Ina roƙonku ku sake shirin, ku gayyato likitan dabbobi, ku kuma tambayi ma'aikatan gandun daji na Agadas halin da namu yake ciki.

Naku,
Mai sauraronku daga Agadas