Zaman Asabar: maganar ƴan asalin ƙasa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Zamanmu na Asabar yana nan bayan la'asar, ƙarƙashin bedin nan na ƙofar gidan matasa, nan Tahoua. Wannan karon za mu taɓa tarihin ƴan asalin ƙasa, wato al'ummun da baƙi suka iske a ƙasarsu suka danne.

Da Kanada za mu fara. Can an raba yaran ƴan asalin ƙasa kusan 150,000 da iyayensu, aka zuba su lakwal ta kwana, a yanke musu gashi, a hana su yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Wallahi da na karanta, sai na tuna ƙahon da ake rataya mana a wuya in bakinmu ya suɓuce da Hausa cikin aji. Ba ɗaya ba ne, na sani, amma ciwon ya yi kama.

Daga nan sai sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 13 ga Satumba 2007 kan haƙƙin ƴan asalin ƙasa, mai cewa a nemi yardar mutane kafin a taɓa ƙasarsu. Mutanen Ogiek na Kenya sun ci shari'a kan dajinsu na Mau a kotun Afirka da ke Arusha a 2017.

Sauran lokacin na gida ne: Buzaye, Fulani da Tubawa, burtali da rijiyoyi. Mai iya rubutun Tifinagh na Buzaye ya zo da alli, don Allah. Kowa da tabarmarsa, shayi na wuyana.