A Daina Toshe Bawul Ɗin Hitar Wanka

Assalamu alaikum Edita, dan Allah ka bani fili in ja kunnen jama'a tunda hunturu ya shigo kowa ya koma ruwan zafi.

Satin da ya wuce hitar banɗakinmu ta fara ɗiga ta wajen ɗan bawul ɗin nan dake kan bututun ruwan sanyi, har bango ya jiƙe fenti na ɓarewa, na kira wani mai gyaran famfo yana zuwa ko dubawa bai yi ba yace wai Alhaji toshe shi kawai zamuyi a huta. Wallahi saura kaɗan in yarda dan aljihu ba nauyi.

To ashe wannan bawul shine mai sakin ruwa idan matsi yayi yawa, dan ruwa in ya ɗau zafi ƙara yawa yake yi cikin tanki, ka toshe masa hanya kuma abin dake kashe wuta da kansa ya lalace, ai tankin fashewa zai iya yi da mutum a banɗakin yana wanka. Ɗan ɗigo lokacin da hita ke aiki ba matsala bane, namu ne da baya tsayawa dare da rana.

Wani dattijon mai gyara na samo. Ya kashe wuta, ya rufe ruwa, ya zuƙe tankin tas, sannan yasa sifana ya kwance tsohon bawul ɗin duk farin dattin ruwa ya cinye bakinsa, ya naɗa farin tef a sabon ya ɗaura. Ko awa ɗaya bai yi ba.

Naka,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe