Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Neman Gurbin Binciken Lafiya a Kasafin Jihar Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa, 'yan uwa membobi maza da mata na shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa, barkanmu da sake ganin wannan lokaci. Ga bayanin abin da aka yi da sunanku a shekarar 2025. Shige da ficen kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, don haka ba zan taɓa shi ba.

Aiki guda babban taron bara ya ɗora mana: mu nemi gwamnatin jiha ta ba binciken lafiya gurbinsa na kansa a kasafin kuɗi, kashi 2 cikin 100 na abin da ake ware wa lafiya, a kuma riƙa sakin kuɗin a kan lokaci. Saboda sababbin membobi, ina tunatarwa cewa ba mu muka ƙago wannan adadi ba. Wani kwamitin ƙasa da ƙasa ne ya ba da shawararsa tun 1990, ministocin ƙasashe kuma suka sake amincewa da shi a taron Bamako na 2008. Kafin nan, a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafinsu zai tafi lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta tanadi kwamitin binciken lafiya da kwamitin kula da ɗa'ar bincike. Wato dai abin da aka riga aka sa wa hannu muke nema a aiwatar.

Shekarar ta zo mana da abin da ba mu shirya masa ba. Daga watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare, daga baya ta rufe USAID, hukumarta ta ba da wannan tallafi. Majalisar tarayya ta sanya dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin, amma hankali ya fi karkata ga magani da rigakafi, kuma babu mai ganin laifin hakan. A tsakiyar shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara sama da 600 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar nan cikin wata shida. Wasu membobi sun ce a irin wannan hali kunya ce mutum ya je yana neman kuɗin bincike. Kwamiti ya saurare su, an yi doguwar muhawara, aka tsaya a kan cewa a ci gaba. Dalilin shi ne abin da ya biyo baya.

Takardar buƙata

Mafi yawan ƙarfinmu a rabin farko na shekara ya tafi ne wajen rubuta takardar da za mu riƙa miƙawa. An yi shawarar kada a cika ta da misalan Turai. Aka ce a tono abin da bincike ya riga ya yi wa Katsina, yadda ɗan majalisa zai karanta ya ga mazaɓarsa a ciki.

Misali na farko shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Uwa ta san masu zuwa da shi wata-wata, amma kaɗan ne suka san daga ina ya fito. Gwaje-gwaje ne da aka yi shekara da shekaru a ƙasashe irin su Senigal, Mali da Burkina Faso suka nuna cewa idan aka ba yaro ɗan wata 3 zuwa wata 59 wannan haɗin magani sau ɗaya a wata lokacin ruwa, zazzaɓin cizon sauro yana raguwa da kimanin kashi uku cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara shi a Najeriya a 2013, kuma a jihar Katsina aka fara, a wasu ƙananan hukumomin arewacin jihar. Ga ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, wannan babban al'amari ne.

Na biyu shi ne sanƙarau. Manyanmu ba su manta annobar 1996 ba. Allurar MenAfriVac, wadda aka yi musamman domin yankinmu a kan farashin da bai kai rabin dala ba, ta iso Najeriya a 2011, nau'in cutar da ya fi yi mana ɓarna ya kusa ɓacewa. Sai wani nau'in ya taso a 2017 ya ratsa Zamfara, Sakkwato da Katsina. Bincike ne ya sake kawo amsa: a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar da ke tare nau'i biyar.

Na uku yana nan bakin gari, a asibitin Babbar Ruga. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo aikin kuturta ne, ya tarar da mata masu yoyon fitsari da babu mai duba su, ya fara yi musu aiki a shekarun 1980. Abin da ya sa aikinsa ya wuce Katsina shi ne rubutu. Yakan rubuta bayanin kowace mace da ya yi wa aiki, har aka tara dubban bayanai. Daga cikinsu aka gane cewa wasu ƙananan raunuka sababbi suna warkewa da robar fitsari kaɗai idan aka sa ta da wuri, ba sai an yi tiyata ba. Likitoci daga ƙasashe da dama sun zo nan sun koya. Sai kuma aikin Malumfashi na shekarun 1970, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi da masana daga Ingila a kan tsargiya da zazzaɓi da sauran cututtukan karkara, wanda har yau ake komawa ga sakamakonsa.

Da aka jera waɗannan misalai a takarda ɗaya, sai wani abu ya fito fili wanda ya sosa ran duk wanda ya zauna a kwamitin: kusan dukkansu da kuɗin waje aka yi su. Muna godiya ga masu bayarwa, Allah Ya saka musu. Amma mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, shi ke kuma yanke ranar da za a tsaya, kamar yadda muka gani a bana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikatanmu na asibiti suna da tambayoyin da babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya biya musu kuɗin amsa su. Me ke cika ɗakunan wankin ƙoda da matasa? Wane maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ya daina aiki a asibitocinmu, tunda ana sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba? Cikin yaran da aka sallama bayan jinyar tamowa, nawa ne ke dawowa, kuma me ke dawo da su? Wane sassaƙe ne cikin waɗanda mutane ke sha yake da amfani, wanne ke lalata hanta? Waɗannan su muka sa a shafin farko.

Takardar ta kuma faɗi yadda muke so a riƙe kuɗin, domin gurbi a kasafi ba tare da sharaɗi ba yana iya ƙarewa a taron bita a otal. Mun nemi kwamiti mai wakilai daga jami'o'in jihar, da asibitocin gwamnati, da ma'aikatan lafiya a matakin farko. A riƙa ba da kuɗin ta hanyar gasa a bayyane. A buga sunan duk aikin da ya samu da adadin da aka ba shi. Kowane bincike kuma ya koma garin da aka yi shi a gaya wa mutane sakamako da Hausa.

Ziyarce-ziyarce

Da takardar muka zagaya. Mun zauna da wasu 'yan majalisar jiha, da jami'ai masu tsara kasafi, da shugabannin sassa a manyan makarantu, mun kuma kai gaisuwa ga wasu iyayen ƙasa da malamai. Ko'ina an karɓe mu da mutunci. Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce: asibiti yana neman gado da magani da ma'aikata, yaya za a cire masa wani abu a ba masu rubuce-rubuce? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce a cikin kowace naira 100 ta lafiya, naira 2 muke nema domin a san ko sauran 98 ɗin suna zuwa inda ya dace. Misalin Yobe ya taimaka mana ƙwarai, inda gwamnatin jiha ta tsaya wa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a jami'arta da ke Damaturu, ta kuma sa a binciki ciwon ƙodar da ya addabi yankin Gashuwa. Idan ɗan majalisa ya ji cewa jihar Arewa irin tamu ce ta yi, sai yanayin zaman ya canja.

Buƙatar ba ta kai ga biya ba tukuna a yadda muka tsara ta. Abin da muka samu shi ne mutanen da yanzu suka san maganar, suka kuma yarda a ci gaba da zama. A cikin kwamiti akwai saɓani da ya kamata ku sani: wasu na ganin a tsaya a kan kashi 2 ba ragi, wasu na ganin a karɓi ko nawa ne muddin gurbin ya tabbata kuma ana saki. Ni ina tare da na biyun, domin na fi tsoron babban adadi a takarda da ba a saki ba a kan ƙaramin da ya isa hannun mai aiki. Babban taro ne zai yanke.

Rediyo da maganar amana

Shirye-shiryen da muka yi a rediyo sun koya mana abin da zaman ofis bai koya mana ba. Da zarar an buɗe layi an ambaci bincike, sai an samu mai kira ya ce, "Wato gwaji za a yi da 'ya'yanmu?" Ba a banza suke tambaya ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da aka sa yara kimanin 200 a ciki, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Mun umarci duk wanda zai yi magana da sunan ƙungiya kada ya kauce wa wannan tarihi. Ya faɗe shi yadda yake, sannan ya bayyana haƙƙin mutum: a yi masa bayani da harshen da yake ji, yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya janye ko an fara, kuma ƙin yardarsa ba zai hana a duba shi a asibiti ba. Kwamitin ɗa'a mai ƙarfi shi ma kuɗi yake ci, shi ya sa muka sa shi cikin abin da gurbin zai ɗauka.

Ranar 19 ga Yuni, ranar masu amosanin jini ta duniya, mun zauna da iyayen yara masu sikila. A Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara. Mun ba su labarin binciken da aka yi a asibitocin Kano, wanda ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki kamar yadda matsakaicin awo ke yi, abin da ke rage wa iyaye kashe kuɗi. Mun kuma ba su labarin maganin sikila mai suna Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai, cikinsu har da masoro da kanumfari da karan dafi, ya shiga kasuwa a 2006, ya ɓace na tsawon shekaru bayan kamfanin da ke yin sa ya durƙushe. Wata uwa ta tambaya me ya sa gwamnati ba ta riƙe shi da kanta ba. Mun sa tambayarta a takardar yadda ta yi ta.

Sauran ayyuka a taƙaice. An yi wa matasan malamai da ma'aikatan asibiti bita kan rubuta takardar neman tallafi, musamman na asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, manyan membobi kuma suka duba musu rubutunsu kyauta; Allah Ya saka da alheri. Reshen Daura ya fi kowane reshe yawan zama. Shiyyar Funtuwa ta sha wahala saboda matsalar tsaro a hanya, yawancin zamanta ta waya aka yi. Muna ta'aziyya ga membobin da suka yi rashi a cikin shekarar, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin da ke gaba

Kwamiti yana ba da shawarar a shekara mai zuwa a fara bibiya tun lokacin da ma'aikatu ke tsara ƙiyasinsu, kafin kasafi ya isa majalisa, domin a nan ake buɗe sabon gurbi. Muna neman membobin da suka iya karanta takardun kasafi su ba da sunayensu, su riƙa duba rahoton aiwatarwa na kowane wata uku su gaya mana abin da aka saki. Muna kuma roƙon ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, musamman mata da unguwarzoma, su rubuto tambayoyin da suke cin karo da su a wurin aiki, ko a layi biyu ne, ba tare da sunan majiyyaci ba. Kowane reshe ya tattara nasa ya miƙa wa sakatariya kafin zaman kwamiti na farko, ya kuma zo babban taro da matsayarsa a kan batun kashi 2.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa
Katsina