Yaro ba ya zama a ajin da babu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kwanan nan kan fashin lakkol a jihar Maradi, inda aka ɗora laifin kusan duka a kan iyaye da talla. E, akwai nasu, amma ranka ya daɗe ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba.

Ana buɗe makarantu a Oktoba, amma ajin zana sai an gama girbin hatsi an samu kara sannan a kafa shi. A unguwarmu ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, sun kai tsakiyar Nuwamba suna zaune gindin bedi, mushe, wato malaminsu, na ta fama da allo jingine a bango, iska na kayar da shi. Yaron da ya yi wata guda yana zuwa yana komawa gida ba karatu, ranar kasuwa ta zo uwarsa ta aza mai tiren gyaɗa, wa zai ce ta yi laifi? Daga nan ya saba da yawo, in ya dawo kuma ga rashin ji, sai bulala. Kuma ba mu manta da gobarar ajin zana ta Nuwamban 2021 nan Maradi ba, har yau akwai iyayen da gabansu ke faɗuwa.

Shawarata, magajin gari da kwamitin iyaye na COGES su zauna tun lokacin bakansi, wato babban hutu, a tanadi tol na rufi da ƙarfe, ko runfa ce a kafa kafin ranar buɗewa. Mushe kuma ya riƙa kiran suna kullum da safe, wanda ya yi kwana uku ba a gan shi ba a aika gidansu.

Naku,
Wani uba daga Maradi